Wayar da ka sayo ta ɗaure kekuna

Dogo,

Na fita kana ta sharar barci. Wayar nan mai lambobi da ka sayo don ɗaure kekunanmu, na gwada ta da filaya da sassafe. Matsa ɗaya na yi ta tsinke. Tana kan tebur, ka gani da idonka. Ka zaɓe ta ne don sheƙinta da rashin nauyi. To, ɓarawo ma irinta yake so.

Kafin mu tafi yawo gobe, ka je wurin mai gyaran keke na bakin titi, ka ce ni na aiko ka. Ya ba ka sarƙa mai kauri da kwaɗo mai makulli. A gangar jikin kekunan za ka zura ta, ba a taya ba, sannan ka haɗa da ƙarfen da ke kafe a ƙasa.

Kada ka ce mini ta yi nauyi. Da keken nan ƙanwarka Auta ke zuwa makaranta. In ya ɓata, naka za ta hau, kai kuwa ka taka da ƙafa.

Babanka.