Wa Ya Mayar da Saratu Kura?

Zuwa ga Sakataren Kwamitin Littattafan Yara, Yerwa.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan zaman kujera bai gajiyar da kai ba. Ni ne Malam Bukar Aisami, mai koyar da aji uku a elementare ta Gamboru. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum masinja ya ce kana taro. To, tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga maganata a bainar jama'a.

Na ɗaya. Bara kun nemi malamai su rubuta wa yara labari, na rubuta abin da idona ya gani. Ina saurayi na tafi Makka a ƙasa, daga can na zarce Ƙudus, ina gadin wani gida har yaƙi ya riske ni. A lungunmu akwai yara mata biyu, Salma 'yar Larabawa da Saratu 'yar Yahudawa, iyayensu mata a tanderu ɗaya suke gasa gurasa. Yaƙi ya kori su Salma, suka fita daga su sai tabarma da tukunya, ba su sake komowa ba. Saratu kuwa harsashi ya kashe wanta a bakin rijiya, ni na ɗauko gawar. Labarin ke nan, kowacce da nata rashin, kuma kowacce tana kewar 'yar'uwarta. So nake yaranmu su ji tausayinsu su duka biyun.

Na biyu. Littafi ya fito watan jiya, ga sunana ɓaro-ɓaro a bango. Ina buɗewa sai na tarar an mayar da su Salma awaki, su Saratu kuraye. Babu tanderu, babu yaron da ya mutu. An ce mini kai ka gyara da hannunka, wai yara ba sa gane labari sai da mugu a ciki. Sannu da ilmi! Kai da iyakar tafiyarka Kaduna, ita ma a motar gwamnati, kai ne za ka raba awaki da kuraye a garin da ko ruwansa ba ka taɓa kurɓa ba. Kuma don tsabar ragwanta ko suna ba ka sake ba, ka bar 'yar kurar tana amsa Saratu.

Na uku, shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. A ajina akwai wata Saratu, 'yar Malam Yohanna, mutumin Biu, malamin asibiti. Ita kaɗai ce Kirista a ajin. Da ka taɓa riƙe alli, da ka san halin 'ya'yanmu: duk labarin da suka karanta da safe, ana tashi tara sai sun yi wasansa. Wasa yana bukatar kura, ba su kuwa sha wahalar nema ba, ga ta nan da sunanta a littafi. Ranar Laraba suka kewaye ta a bayan makaranta, suna kukan awaki suna jifa. Dutse ya fasa mata goshi, ubanta da kansa ya ɗinke ta. Tun ranar ba ta sake tako makaranta ba, ga jarrabawa ta matso, ita ce kuma gwanar lissafin ajin.

Na je dubiya. Malam Yohanna ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, sannan ya ajiye littafin a gabana, yatsansa a kan sunana. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kunyar aikin da kai ka yi kana can kana shan shayi.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A janye littafin daga makarantu, in ba za a buga labarina yadda yake ba a kankare sunana. Amma wannan ba zai dawo da yarinya aji ba. Na faɗa wa yaran gaskiya, sun ce littafi ya fi malam sani, tun da na gwamnati ne. Saboda haka kai za ka tako da ƙafarka, da babbar rigarka, ka tsaya gaban aji uku ka ce kai ka ƙago kurar. Ba za ka rasa wurin zama ba. Bencin Saratu yana nan babu kowa, yaran sun ƙi zama a kai, wai mazaunin kura ne.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuriya, ya sa kada sunan 'yarka ya taɓa faɗawa hannun mai gyara irinka.

Wassalam.

Malam Bukar Aisami,
Gamboru, Yerwa.