Baba, Na Gane Mai Tsaron Rijiyar

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ɗiya zuwa ga uba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Har yanzu ina koyarwa a lise, makarantar sakandare, nan Dogon Dutsi. Bana muna karanta wani littafin labari da ɗalibaina. Gari ne mai rijiya ɗaya tak, sai wani mutum ya ce maƙiya na shirin zuba mata guba, shi zai tsare ta. Ya yi mata murfi, ya rataya makulli a wuya. Duk wanda ya yi kukan ƙishirwa, sai a ce maƙiyin rijiya ne.

Marubucin bai ambaci ƙasa ba, bai ambaci soja ba. Amma tun inda mutumin ya fara ce wa dattawan gari "'ya'yana", na gane shi. Muryar nan ce da ke fitowa daga rediyonka muna yara a Kece, zamanin wancan shugaban ƙasa mai kakin soja.

Ka tuna shekarar yunwa, da ka miƙe a taro ka tambayi inda hatsin taimako ya shiga? Jandarma suka same ka a lakkwal, makarantar da kake koyarwa, kana tsakiyar darasi. Sai bayan damina biyu ka dawo, babu haƙoran gaba, ba ka kuma taɓa faɗa mana inda aka kai ka ba. Da an sa jawabin mai kakin a rediyo sai ka tashi, ka ce za ka duba awaki. Inna takan ce mana, "Ku bar shi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

A littafin, mugun ya ƙare cikin rijiyar. Namu kuwa da girmansa ya tafi, har yau a tasha ana cewa lokacinsa ɓarawo bai isa ba.

Ranar Talata wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni wane shugaba ake nufi, na da ko na yanzu. Baba, amsar tana bakina. Na dubi taga, na tuna jikokinka uku da ke jirana a gida, na ce mata labari ne kawai. Ta dube ni, ta rubuta hakan.

Ban san me za ka ce mini ba. Wataƙila kai ma da ka ce in yi shiru, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Allah ya haskaka kabarinka, ya saka maka abin da ba mu iya karɓar maka ba. Amin.

Ɗiyarka,
Rabi