Na Koya Mata Kalmomin Iyo, Ban Koya Mata Iyo Ba

Anti, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da na ƙudurta.

"Kafin wata damina Ma'u za ta iya iyo, ko da ni zan shiga ruwan da ita." Maganar mijina ke nan a kan ƙaramar 'yarmu, a gaban yayyena, ranar makokin babbar 'yarmu Bahijja. Bara ta zame a kududdufin bayan gidan kakarta a Gwiwa, tana ɗauraye kaya. Mata na tsaye a bakin ruwan, babu wadda ta iya shiga.

Ina koyar da Faransanci da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, kuma Bahijja a ajina take. Ni na koya mata nager da piscine, wato yin iyo da wurin iyo a Faransanci, ni na sa su maimaita swim, swam, swum har suka daina kuskure. Ita ta fi kowa maki. Bana na sake isowa darasin. Na rubuta a allo, suka maimaita, na goge. Ban ji komai ba. Haka nake tun lokacin, ina ci, ina salla, ina zuwa aiki, kamar wata ce ke yi.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa. Maƙwabciyarmu Priscilla, ma'aikaciyar jinya, a bakin kogi ta tashi. Ta ce za ta koya wa ƙaramar 'yarmu Ma'u a gefen dam inda ba zurfi, da kayanta a jikinta. Baban Ma'u ya ƙi, wai yarinya ta fara girma, me za a ce a unguwa? Mutanen unguwar nan sun zo gaisuwa, sun ci shinkafar sadaka, sun tafi. Ya ce ƙaddara ce. Na sani. Na karanta littattafansa na addini, har da waɗanda shi bai buɗe ba.

Na ba shi zuwa Juma'a. In bai sauya ba, Asabar da safe zan kama hannun Ma'u mu tafi dam, in ya so ya mayar da ni gidanmu.

Uwar Ma'u, Kazaure

Uwar Ma'u, Allah ya jiƙan Bahijja, ya ba ki dangana.

Kina da gaskiya, koyon iyo bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba, kuma mijinki shi ya ɗauki alkawari. Amma ina jin ba unguwa yake tsoro ba. Uban da ya ga an fito da 'yarsa daga ruwa, da wuya ya iya kallon ɗayar a ciki, sai dai bakinsa ba zai faɗa ba.

Kada ki tafi cikin fushi. Ki kira babban yayanki ku zauna kafin Juma'ar. Ki bar wa maigidan zaɓin wuri da lokaci, ya zo ya tsaya da kansa. A nemi masunci da ya san ƙasan ruwan, a haɗa da wasu 'yan matan, surutu zai ragu. Ki tambayi Ma'u kuma, ita ma yayarta ta rasa, kada a tura ta dole.

Wannan rashin jin komai, kada ki riƙe shi ke kaɗai, ki gaya wa likita ko aminiya. Ranar da za a fara kuwa, kada ki tsaya a baki. Ki shiga, ku koya tare.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya Ma'u.