Tsakuwa Uku a Cikin Kalangu

Tamale, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Napari,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya maigidanki da jikokina? Mu lafiya lau, sai babanki.

Ciwon nan na saman cikinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yayyensa sun taru sun yanke cewa matsa kalangu a hamata shekara arba'in ne ya murɗe masa hanji. Sun ƙwace kalangun sun rataye a ɗakin babbansu, Baffa Neindo. Napari, tun ranar ban ƙara jin dariyarsa ba, abin yana cin raina.

Na ja shi asibiti. Likita ta ce ko gyambon ciki ne, ko hanta, ko matsarmama, har zuciya ma takan yi haka. An gwada jini da bayan gida, ba komai. Aka ce ya dawo hoton ciki ba tare da ya ci abinci ba. Sai gogan naki ya shanye koko kwano guda, wai ai koko ba abinci ba ne! Aka koro mu. Kunya kamar in nutse.

Ki sa shi a addu'a.

Mahaifiyarki,
Sanatu

Tamale, 29 ga Afrilu

'Yata Napari,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, albishirinki!

A komawarmu na tsare shi kamar akuya a bakin shanya, ko ruwa bai kurɓa ba. Likita ta tambaye shi hamatar da yake riƙe kalangu, ya ce hagu. Ta tambayi inda ke ciwo, ya dafa dama. Ta yi dariya har da riƙe tebur. Hoto ya nuna tsakuwa a matsarmama. Ashe kalangu ba ruwansa!

An yi aiki, an ciro guda uku, ya warke sarai. Ni da kaina na je na sauko da kalangun, Baffa Neindo yana ta sosa ƙeya.

Kin san 'yan tsakuwan da makaɗa ke zubawa cikin kalangu don amo? To babanki ya kwance fata ya jefa nasa ukun. Ya ce sun ci amanarsa wata shida, yanzu su yi masa aiki. Jiya ya kaɗa kirarin kakanki a tsakar gida, ina jin su suna kacau-kacau, na zauna kan turmi na sha kuka.

Ki zo ki ji da kunnenki.

Taki har kullum,
Sanatu