A Langa Kowa Ƙafa Ɗaya Gare Shi

Talata da dare, damina, 1976

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Yau malaminmu na kwaleji ya zo Kwarbai duba yadda nake koyar da wasanni, sai na ajiye ƙwallo na ce langa za a yi. Saboda Isiyaku na yi, mai shan inna a ƙafar hagu, wanda kullum shi ke tsaron rigunan 'yan ajinsu.

Ya ce, "Malam, har da ni?"

Na ce a langa kowa ƙafa ɗaya gare shi. Ya jingine sandarsa, ya kayar da mutum uku.

Ban san makin da aka ba ni ba. In na lumshe ido, sandar nan nake gani jikin katanga, an manta da ita.