Hannun Dama

Litinin, 3 ga Maris
Ɗiyata ta kai ni wajen wata likita, wai ta masu damuwa. Ba allura, ba ƙwaya. Taga ɗaya, kujeru biyu, tawa tana rawa. Na ce hannun dama ne ya yi nauyi tun rasuwar ɗana Auta, wata bakwai ke nan, an ɗauki hoto ba a ga komai ba. Ta ce, "Baba, kana barci? Kana cin abinci? Kana addu'a?" Na ce, "'Yar nan, hannu na kawo miki." Ta ce ai ba shi kaɗai ya zo ba, da mai shi ya zo.
Ita ta sa ni rubutun nan. Da hagu nake yi, kamar sawun kaza.

Litinin, 10 ga Maris
Yau numfashi aka koya mini. Shekara saba'in da ɗaya ina yin abina, ashe ban iya ba. Ta ce in riƙa tattaki da safe har ƙofar shagona na kafinta, ko ban buɗe ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na je. Kwaɗon ya yi tsatsa. Na dawo.

Litinin, 17 ga Maris
Ta tambayi addu'ar da nake wa Auta. Na ce salla ba ta wuce ni. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Gaskiya ina sallamewa nake tashi. Da wane hannu zan roƙa?
Na ce kujerarta ta ishe ni, wane kafintan banza ya haɗa ta? Sai wata kujerar ta faɗo mini a rai.

Litinin, 24 ga Maris
Na faɗa mata. Ko ɗiyata ba ta sani ba. Ran nan kujera Auta ya haɗa, ƙafa ɗaya ta gaza, na mare shi gaban mutane. Mai shekara ashirin da uku. Ya ajiye guduma ya ce, "Yi haƙuri, Baba," ya fita. A bakin titi mota ta same shi.
Ba ta ce ba laifina ba ne, da na tashi na bar mata ɗakin. Ta ce in ɗora hagu kan dama in riƙe. "Hannun nan ne kuma ya koya masa riƙon zarto, ko?" Na jiƙa gaban rigata.

Asabar, 5 ga Afrilu
Na zuba wa kwaɗon mai. Kujerar tana inda ya bar ta. Na ɗauko zarto in daidaita ƙafafun, na mayar. Haɗin bayanta da kyau, ban lura ba ran nan.
A kanta na zauna bayan la'asar, tana rawa. Na kira sunansa, na roƙa masa gafara. Sai da na shafa na ga hannu biyu ne.
Har yanzu da nauyi. Jibi zan tafi wa likita da guduma, in gyara kujerar nan tata.