Ni Na Zaɓi Ƙaramar Sola, Matata Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum admin da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kawo ma duk na canza su. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don babu zagin da za ku yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba. Wata biyu ke nan ba ni da sukuni. Ko a wurin aiki sai in tsaya da sukudireba a hannu, na manta abin da nake ɗaurewa.

Ni ɗan Kano ne, shekarata tara ina aikin wayarin ɗin gidaje a Makka. Matata, zan kira ta Salma, haifaffiyar nan ce, kakanninta ta Sudan suka shigo. Muna zaune a unguwar Misfala da 'yarmu Hanan. Mahaifin Salma yana unguwar Shisha tare da babban ɗansa, Yaya Faisal. Lokacin da na nemi aurenta 'yan'uwanta sun yi ta gunaguni, wai baƙo ne mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, Larabcinsa ma a karkace yake. Mahaifin nata, Baba, shi ne ya tsaya min shi kaɗai. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, Muhandis yake ce min, wato injiniya, alhali ni ko ƙofar jami'a ban taka ba. Baba yana da ciwon suga, allurar insulin yake yi. Tun rasuwar mahaifiyar Salma ita ce ke kula da allurar nan, kullum sai ta hau tasi ta je Shisha ta gwada masa jini, ta yi masa, ta zauna su yi hira.

Bara Yaya Faisal ya sayi wata 'yar tirela ta kwana a daji, wadda ake ja da mota, a nan karafan ake ce mata. Gado biyu ne a ciki, da fanka, da fitilu, da ƙaramin firji. Baba ya fi kowa murna, ya ce ya gaji da zaman bene, yana son ya ga fili. Muna cin abinci ranar Juma'a aka tada maganar wuta, Yaya Faisal ya ce zai kira wani kamfani su saka sola. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Kamfani kuma? Muna da Muhandis a gida? Shi zai zaɓo mana." Jama'a, ni ban taɓa haɗa sola ba a rayuwata. Wutar gida daban, wannan daban. Me ya hana ni faɗa? Kallon da Yaya Faisal ya yi min ne, irin kallon nan na bari mu gani. Sai na ji bakina ya ce, "Ai abu ne mai sauƙi, Baba." A mota Salma ta ce min, "Abban Hanan, ka tuna fa da firji, allurar Baba ba ta son zafi." Na ce mata na sani.

Na je wani shago a wajen Kudai. Mai shagon dattijo ne, ya tambaye ni me da me zan kunna, na lissafa masa har da firji. Ya nuna min kaya kala biyu. Na farko manyan faifai biyu ne, da babban batir daban, da na'urar da ke daidaita caji, da inbata, kowanne sai an haɗa shi da hannu. Na biyu faifai ɗaya ne mai naɗewa kamar jaka, da wani ɗan akwati mai batir a ciki, jona waya ɗaya kawai za ka yi. Ya dafa ɗan akwatin ya ce wannan na cajin waya ne da fitila, ba zai riƙe firji ba, musamman in rana ta yi zafi firjin yana ta aiki. Sau biyu ya faɗa, na biyun a hankali, don ya ga Larabcina. Na fahimce shi sarai. Amma na tsaya ina kallon manyan kayan nan, wayoyi ja da baƙi, ina hango kaina a tsugune gaban karafan na rasa wacce ke shiga ina, Yaya Faisal a tsaye a kaina yana murmushi. Mai shagon ya ce in ina so akwai mai haɗawa. Mai haɗawa? A zo Shisha a haɗa wa Muhandis waya? Na ce ya ba ni ƙaramin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ala kefak." Wato yadda ka ga dama. A gida na ce musu wannan sabon samfuri ne, ƙarami amma da ƙarfi. Baba har shafa faifan ya yi yana sa min albarka.

Muka fita ranar Alhamis zuwa wani fili bayan Ɗa'ifa. Ranar farko lafiya lau, don na cika batirin da wutar gida kafin mu taso. Washegari da safe na duba, saura kaɗan. Na ja faifan nan na bi rana da shi, na goge shi da rigata, na juya shi gabas, na juya shi kudu, lambar ba ta hawa, firjin yana shanye duk abin da ya shiga. Wajen hantsi Salma ta jona butar lantarki za ta dafa wa Baba shayi, akwatin ya yi ƙara ya katse nan take, ko ɗumi ruwan bai yi ba. Ta cire ta hura gas. Na sake kunna akwatin. Daga nan muka rufe karafan muka tafi masallacin Juma'a a wani ƙauye, muka biya gonar wani abokin Baba, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Ni na fara buɗe ƙofar. Zafin da ya buge ni kamar na buɗe tanda. Akwatin a mace, firjin a kashe, ruwan gorar da ke ciki ya yi zafi, alluran Baba na wata guda suna kwance a gefe. Na taɓa su, da ɗumi. Kun san abin da na yi? Na tada mota na jona firjin a jikinta, na ce ina duba inji ne. Kafin kowa ya buɗe ya ɗan yi sanyi. Na ce wa kaina ai ba komai, magani ne, awa nawa ne ma?

Kwana shida da dawowarmu sugan Baba ya ƙi sauka. Salma tana yi masa allura a kan lokaci, tana gwadawa, lamba tana ta hawa. Ta hana shi dabino, ta hana shi shinkafa, har faɗa suka yi tana zarginsa da cin zaƙi a ɓoye. Ni ina ji, ina gani, ina tafiya aiki. Ranar Alhamis ya faɗi a banɗaki. Kwanansa huɗu a asibiti, biyu daga ciki bai san wanda ke kansa ba. Likita ya tambaya ko maganin ya sha zafi. Yaya Faisal ya tara mu a barandar asibitin ya juyo gare ni: "Ya Muhandis, firjin nan ya taɓa mutuwa a tafiyar nan?" Ga hanya Allah Ya buɗe min. Kalma nawa ce? Sai na ce, "Ya mutu na ɗan lokaci. Ina jin butar shayin da aka jona ce ta shanye batirin." Ban kira sunanta ba, amma kowa ya san wa ya jona buta. Salma ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Ai ko minti ɗaya ba ta yi ba." Ta kalle ni tana jiran in gyara maganar. Na sunkuyar da kai. Yaya Faisal ya zazzaga mata Larabci a gaban mutane, ya ce saura kaɗan ta kashe musu uba saboda kofin shayi.

Alhamdulillahi Baba ya tashi. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ki huta, 'yata, hanya ta yi miki nisa, matar Faisal za ta riƙa yi min." Shi ke nan aka karɓe allurar daga hannunta, abin da ta riƙe shekara shida. Yanzu sai ranar Juma'a take zuwa Shisha, ta zauna a gefe kamar baƙuwa. Ta rame. Ta daina amfani da butar lantarki ko a gidanmu. Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru har na rubuto muku shi ne shekaranjiya, ina ɗaura takalmi zan fita, ta durƙusa a gabana ta ce, "Abban Hanan, ka yafe min. Ka yi wahala ka zaɓo abu mai kyau, ni na ɓata, na kunyata ka a gaban 'yan'uwana." Ta yarda! Ta yarda ita ce, don ni ne masanin wuta, in na faɗa haka ne. Na ce mata ba komai, na fita, na zauna a matakalar bene na fi rabin awa na kasa sauka.

Ga shi kuma Baba ya ce ranar Alhamis mai zuwa za mu sake fita, likita ya ce iska za ta yi masa amfani. Da wannan akwatin dai, da wannan faifan. Ya ce kada kowa ya taɓa soket sai ni. Na yi tunanin in koma shagon in sayo manyan kayan, in kira mai haɗawa a ɓoye, in ce ƙari na yi. Hakan zai tsare maganin Baba, amma Salma fa? Ta ci gaba da ɗaukar abin da ba ta yi ba har ƙarshen rayuwarta? In na faɗa mata ita kaɗai, na san halinta, za ta rufa min asiri ta haɗiye, kuma ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba. In na faɗa a gaban Baba, Yaya Faisal zai ce dama sun faɗa tun farko, kuma dattijon da ya tsaya min lokacin da babu mai so na zai san cewa na taɓa maganinsa da hannuna, na ji ɗuminsa, na bari 'yarsa ta yi ta tsira masa har kwana shida. Sau uku ina hawa tasi zuwa Shisha, ina isa ƙofar gidan in ce wa direba ya juya.

Saura kwana biyar. Wa zan fara faɗa wa, ita ko shi? Don girman Allah ku ba ni shawara, ni yanzu me zan yi?